Tafiya da siririn jirgin ruwa a kanal ɗin Ingila da Wales: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya zauna a Birmingham ko Manchester, ko ya bi ta Camden a Landan, ya sha ganin jiragen nan dogaye sirara masu fentin kore da ja, wasu a ɗaure gefen kanal, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa, da tukwanen furanni a kan rufi, wasu suna tafiya kamar ba sa so. Ana ba da hayarsu ga kowa, kuma 'yan uwa mazauna can da masu zuwa hutu suna yawan tambaya a kai. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, daga na sharar fage zuwa na wanda ya riga ya biya kuɗin haya.

Wane irin jirgi ne wannan, kuma me ya sa aka matse shi haka?

Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, wato mita 2 da 'yan santimita, tsawonsa kuwa yana iya kaiwa ƙafa 70 ko 72. Ba don ado aka yi shi haka ba. Wuraren da ake ɗaga jirgi ko sauke shi idan kanal ya zo tudu, waɗanda ake kira lok, an gina da yawansu a tsakiyar Ingila da faɗin ƙafa 7 kacal, don a rage kuɗin gini da yawan ruwan da ake kashewa. Dole jirgi ya bi girman lok.

Na yanzu da ƙarfe ake ƙera su, gindi shimfiɗaɗɗe, injin dizal a baya. Ciki kuwa ɗaki ɗaya ne dogo da aka yayyanka: falo, kicin, banɗaki, ɗakin kwana, duk a jere, da lungu siriri a gefe guda. Mutum biyu ba sa wucewa a lungun nan sai ɗaya ya raɓe.

Su wa suka haƙa waɗannan kanal, kuma don me?

Don jigilar kaya aka haƙa su, da hannu, da diga da shebur. Wanda ake yawan farawa da shi a tarihi shi ne kanal ɗin Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, kuma James Brindley na cikin injiniyoyin aikin. Farashin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi, sai masu kuɗi suka yi ca. Josiah Wedgwood mai masana'antar tangaran ya tsaya tsayin daka aka haƙa na Trent da Mersey, wanda aka gama a 1777, saboda kayansa suna farfashewa a kan munanan hanyoyin lokacin. Doki ɗaya da ke tafiya a gefen ruwa yana jan jirgi mai kaya fiye da tan 20. Turbar da ake bi a ƙafa gefen kanal har yau, ta dokin ce.

Jirgin ƙasa ne ya karya kasuwar daga shekarun 1830. Da kuɗin dako ya ragu, matuƙa da yawa suka kwaso iyalansu suka tare a ɗan ɗakin bayan jirgi. Gwamnati ta karɓe yawancin kanal a 1948, sannan tsananin sanyin 1962 zuwa 1963, da ruwa ya daskare makonni, ya ƙarasa abin da ya rage na dako. 'Yan sa-kai ne suka hana a cike su da ƙasa, musamman ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946. Tun 2012 gidauniyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na kanal da koguna a Ingila da Wales.

Ban taɓa tuƙa jirgi ba. Sai da lasisin tuƙi?

A'a. Babu lasisin tuƙi da ake nema wajen mai haya. Takardun jirgin kansa, na hanya da inshora da shaidar lafiya, suna wuyan kamfanin haya. Ranar karɓa ma'aikacinsu zai zagaya da ku cikin jirgin, ya nuna muku inji da gas da famfo, ya ɗan raka ku gaba har ya ga hannunku ya fara faɗawa. Ka roƙe shi ya tsaya har ku wuce lok na farko in akwai a kusa. Kada kunya ta sa ka ce ka gane alhali ba ka gane ba.

Yaya ake tuƙa shi?

A tsaye ake tuƙi, a waje, can ƙarshen baya, da sandar ƙarfe a hannu. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne idan ka tura sandar dama, goshin jirgi hagu zai nufa. Sannan jirgin yana juyawa ne daga tsakiyarsa, don haka in goshi ya yi hagu, baya zai share zuwa dama, kuma yawanci bayan ne ke bugun bango. Ba shi da birki. Tsayawa sai an sa ribas, kuma jirgi mai nauyin tan 15 ko fiye ba ya tsayawa nan take. A ribas ɗin ma kusan ba ya jin sanda. Iska ita ce babbar abokiyar gaba, domin jirgin dogo ne kuma bai nutse sosai cikin ruwa ba.

Idan kun haɗu da wani jirgi, kowa ya riƙe damansa, saɓanin yadda ake tuƙin mota a ƙasar. A ƙarƙashin gada hanya takan tsuke har jirgi ɗaya kawai ke wucewa, kuma wanda ya fi kusa shi ke shiga. Juyawa kuma ba a ko'ina ba, tunda jirgin ya fi kanal ɗin faɗi in ya gitta. Akwai wuraren da aka faɗaɗa musamman don juyawa, taswira tana nuna su, kuma wanda ya wuce ɗaya yana iya yin awa guda kafin ya ga wani.

Nisan da za mu iya yi a mako guda fa?

Ƙasa da yadda kake zato. Iyakar gudu a yawancin kanal mil 4 ne a awa, kuma a zahiri mil 3 ake yi, daidai da mai tafiya a ƙafa. Duk inda akwai jirage a ɗaure sai an rage wuta zuwa mafi ƙanƙanta, in ba haka ba ruwan da ka ja zai girgiza su ya tumɓuke musu turaku, kuma za ka ji murya daga taga. Masu jirage suna da lissafi mai sauƙi: ka haɗa yawan mil da yawan lok, ka raba da 3, abin da ya fito shi ne awanni. Daga Landan zuwa Birmingham ta Grand Union mil 137 ne da lok 166. Lissafa ka gani: kimanin awa 100, tafiyar da jirgin ƙasa ke yi cikin ƙasa da awa 2.

A ganina nan ne mutane suka fi ɓata wa kansu hutu. Mutum ya ga zagaye a taswira, irin zagayen Cheshire mai mil 97 da lok 92, ya ce mako guda ya isa. Yana iya isa, amma da tuƙi tun safe har yamma kullum, ana ruwa ko ana rana, yara sun gaji, uwargida ta yi shiru, kai kuma idonka na kan agogo saboda jirgi sai ya koma da safiyar ranar ƙarshe. Awa 4 zuwa 5 a rana sun isa. Ku tafi kwana uku, ku juya, ku dawo ta inda kuka bi. Ba wurin da za ku je da jirgin nan wanda mota ba za ta riga ku isa ba, don haka nisan ba shi ne abin nema ba.

To mene ne lok, kuma wa ke buɗe mana?

Ku ne za ku buɗe. Lok ɗaki ne na bulo ko dutse, ba rufi, da ƙofar katako mai nauyi a kowane ƙarshe. Ruwan gaba ya fi na baya tudu, ko akasin haka. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ya tashi, ko a zubar ya sauka. Ba inji ba lantarki, nauyin ruwa ne kawai ke aiki. A wasu wurare masu cunkoso akan samu 'yan sa-kai suna taimakawa, amma kada a dogara da su.

Ga yadda ake hawa. Mutum ɗaya ya zauna a tuƙi, ɗaya ya sauka da makullin murɗawa, wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar sifanar kwance tayar mota. In lok ɗin a cike yake, sai a fara zubar da shi. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a tabbata tagoginta na ruwa a rufe suke. Sai a tafi ƙofar gaba a sa makulli a bakin ƙarfen da ke ɗaga tagar ruwa, a murɗa a hankali. Za ka ji ƙas-ƙas-ƙas na haƙorin da ke hana ƙarfen komawa, sannan ruwa ya fara tafasa a ƙarƙashin jirgi. A fara da rabi, domin ruwan da ya shigo da ƙarfi yana jan jirgi ya maka shi da ƙofa. Idan ruwan ciki da na waje suka daidaita, ƙofa za ta saki da kanta. Kafin nan ko ƙarti goma ba za su motsa ta ba, bambancin inci ɗaya ma ya isa ya riƙe ta. Ana tura ta ne da baya: ka jingina da doguwar gungumen ƙofar, ka kafa dugadugai a bulon da aka jera a ƙasa don haka, ka yi ta ja da baya sannu.

Dokoki uku ba a wasa da su. Kada a bar makulli a kan ƙarfen a saki hannu, domin in haƙori ya kuɓuce makullin zai juya da gudu, ya sha karya haƙora da hannaye. A sauke tagogi da hannu, kada a sake su su faɗi. Kuma in ka ga jirgi na tahowa daga ɓangaren da lok ya riga ya dace da shi, ka jira ya fara wucewa. Lok mai zurfin mita 2 da rabi yana zubar da fiye da lita 100,000 a kowane amfani, kuma ruwan daga madatsu yake zuwa can saman tudu. Kowane lok yana cin minti 15 ko fiye. Hatsarinsa yana a amsa ta gaba.

Ban iya ruwa ba. Abin ba haɗari?

Wanda ya taso yana jin labarin kifewar kwale-kwale a kogin Neja yana da hujjar jin tsoro, amma wannan ruwa daban ne. Kusan ba ya gudu, ba igiyar ruwa, kuma a wurare da yawa babba zai iya tsayawa ƙafarsa a ƙasa, ko da yake akwai laka da sanyi mai sandarar da jiki. Kamfani yana ba da rigar kariya kyauta. Yara da duk wanda bai iya ruwa ba su sa ta, musamman a lok, inda ruwa ke da zurfi, bango kuma santsi. In wani ya faɗa, abu na farko shi ne a tsayar da farfela.

Haɗarin da ya fi nutsar da jirage shi ne dakalin da ke ƙarƙashin ƙofar sama. Idan ana sauka, ruwa na janyewa, wannan dakali yana fitowa. In bayan jirgi ya hau kansa, goshi zai ci gaba da sauka har ruwa ya shiga, cikin mintuna kaɗan. An ja farin layi a bakin lok da ke nuna iyakarsa, matuƙi ya riƙe jirgi gaba da layin, ya ajiye waya. Da an ga abu ba daidai ba, a rufe duk tagogi nan take, sannan a yi shawara. Kada kuma a sa hannu ko ƙafa don tare jirgi daga bango. Ruwan kanal ba na wanka ba ne, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, a wanke hannu kafin cin abinci.

A ina ake kwana?

Kusan ko'ina a ɓangaren turbar doki, kyauta, sai inda aka sa alamar hani ko aka ƙayyade lokaci. A guji bakin lok, gada, inda kanal ya lanƙwasa, wurin juyawa da wurin ɗiban ruwa. In babu zoben ƙarfe, sai a kafa turaku da guduma, a ɗaure gaba da baya, kuma kada igiya ta gitta hanyar masu ƙafa da keke. Kamfanonin haya ba sa yarda a yi tafiya da dare. Ba a kuma kunna inji a tsaye tsakanin ƙarfe 8 na dare da 8 na safe in akwai maƙwabta.

Ruwa, wuta da banɗaki fa?

Akwai tankin ruwa da ake cikawa a famfunan gefen kanal da tiyo, kuma gara a cika kullum. Ruwan zafi daga inji yake samuwa, batura ma injin ke caza su, don haka ranar da ba ku yi tafiya ba za ku ga fitila ta fara rauni. Cajin waya da firji ba matsala, dutsen guga da abin busar da gashi kuwa a bar su gida. Girki da gas ne.

Banɗaki yana zuba ne a tanki, wanda ake zuƙewa a tashar jirage da kuɗi, ko kuma a wani akwati da ake cirowa a kai wurin zubarwa. Ga abin da takardar kamfani ba za ta gaya maka ba: gidan da ke tsarki da buta yana cika tankin nan da wuri fiye da lissafinsu. Ka tambayi inda ake zuƙewa a kan hanyarku tun kafin ku tashi.

Yaya batun salla da abinci?

Daga Ingila alƙibla tana kudu maso gabas. Kanal yana lanƙwasa ba iyaka, don haka ya fi sauƙi a ɗaure jirgi a yi salla, abin da ba ya ɗaukar minti 5. Jikin jirgin ƙarfe ne, yana rikita kamfas ɗin waya, sai ka taka tudu ka duba sannan ka dawo. Falo yana ɗaukar mutum ɗaya, da ƙyar biyu. A waje kuwa ciyawa takan jiƙe, kuma masu yawo da karnuka suna da yawa, a duba wuri kafin a shimfiɗa darduma. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, asuba kuma ta yi sammako sosai. Hukuncin kasaru da haɗa salla a tambayi malami.

Yawancin wuraren cin abinci a bakin kanal mashaya ne, kuma ƙauyuka ba su cika samun naman halal ba. Ku yi cefane daga gari. Sa'ar da aka yi, kanal don masana'antu aka haƙa shi, don haka yana ratsa Birmingham, Leicester, Blackburn da Burnley, inda masallatai da mahauta Musulmi suke birjik.

Wace hanya ta fi dacewa da sabon shiga?

Mai son sauƙi ya duba kanal ɗin Ashby, mil 22 ba lok ko ɗaya, ko na Lancaster mai mil 41 a shimfiɗe. Na Llangollen, da ke shiga Wales, ya fi su kyau amma yana cika maƙil lokacin hutun makaranta. Waɗanda za a bari sai an goge su ne jerin Tardebigge mai lok 30 a kan hanyar Worcester zuwa Birmingham, da Caen Hill kusa da Devizes mai 29, inda 16 suke jere a layi ɗaya. Yawancin lok ɗin Grand Union da na Kennet da Avon masu faɗi ne, jirgi biyu ke shiga tare, ƙofofinsu kuma sun fi nauyi. Kafin a zaɓa, a sake duba lissafin awanni da ke sama. Wanda ke shakka ya ɗauki ƙaramin jirgi na yini ɗaya ya gwada.

Gaskiya ne jirgin yana bi ta kan gada da cikin tsauni?

Gaskiya ne. Gadar ruwa ta Pontcysyllte a kanal ɗin Llangollen, aikin Thomas Telford da William Jessop, an buɗe ta a 1805. Tsawonta mita 307, tsayinta mita 38 a kan kogin Dee, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe da ruwa a ciki. Gefe ɗaya akwai turba da shinge, ɗaya gefen kuwa ba komai sai bakin ƙarfe ɗan inci kaɗan sama da ruwa, matuƙi yana tsaye yana kallon saman bishiyoyi a ƙasansa. A shigar da yara ciki kafin a hau.

Ramin Standedge, da aka gama a 1811, ya fi kilomita 5, shi ne mafi tsawo a ƙasar, kuma sai an nemi izini tun gaba. Ba shi da turbar doki. A da sai a bi da dokin ta saman tsauni, maza biyu su kwanta a kan katako su riƙa taka bango da ƙafa har jirgi ya fita. A ramin Harecastle ma'aikata ne ke ba da hannu, ɓangare ɗaya bayan ɗaya, ruwansa kuma ja-ja ne saboda tama. A kowane rami a kunna fitilar gaba, a sa rigar ruwa saboda ɗigon rufi, kowa ya janye hannunsa ciki.

Wane lokaci ya fi, kuma kuɗin ya yake?

Yuli da Agusta sun fi tsada da cunkoso. Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi. Daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe sassa don gyara, a shekarar fari kuma, kamar 2022, akan rufe wasu kanal na arewa saboda ƙarancin ruwa. Kuɗin haya na jirgi ne ba na kai ba, don haka iyali biyu in suka haɗa ya fi sauƙi. A tambaya ko man dizal da inshorar ɓarna suna cikin farashin. Jirgin da aka ce na mutum 6 ne, mutum 4 za su fi sakewa a ciki.

Haya ta yi tsada a Landan. In sayi jirgi in zauna a ciki mana?

Dubban mutane suna yi, amma a shiga da ido buɗe. Sai ka biya lasisin jirgi duk shekara, da inshora, da shaidar lafiyar jirgi duk shekara 4, sannan a riƙa fito da shi tudu ana shafe gindinsa da baƙin fenti duk shekara 2 ko 3 don tsatsa. Wurin ɗaurewa na dindindin a Landan yana da tsada da wuyar samu. In ba ka da shi, dokar 1995 ta ce kada ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma hukuma tana bibiya ta ga da gaske kake tafiya. Haɗa wannan da aiki ko makarantar yara ba wasa ba ne. Ga ɗaukar kwal da tulun gas a hunturu, ga rashin adireshi, wanda ke da nauyi ga mai zaman biza. Na'urar gano hayaƙi mai guba wajibi ce. Kada kuma a sayi tsohon jirgi sai ƙwararre ya auna kaurin ƙarfensa a tudu.

Jirgi ya ƙi gaba, ko ya kafe. Me za mu yi?

In ya kafe a laka, kada a ƙara wuta gaba. A sa ribas a hankali, mutane su koma ɓangaren da ruwa ya fi zurfi, a tura da doguwar gorar da ke kan rufi.

In kuwa inji na kuka, sanda na rawa, jirgi ba ya gaba, to wani abu ya naɗe farfela: leda, igiya, tsohuwar riga, wani lokaci har taya. An fi samun haka a cikin gari. Ɗan gajeren ribas yakan warware shi. In ya ƙi, a ɗaure jirgi, a kashe inji, a zare makullin inji a sa a aljihu. A ƙarƙashin daɓen baya akwai akwatin ƙarfe mai murfi, daidai saman farfela. Ka buɗe, ka naɗe hannun riga har kafaɗa, ka laluba a hankali saboda ƙugiyar kamun kifi da waya, ka yanke abin da wuƙa. Ruwan yana da sanyi ko a Yuli. Bayan an gama a mayar da murfin a ɗaure shi tam, sannan a kunna inji a duba ko yana yoyo, domin farfela tana watso ruwa ta nan zuwa ɗakin inji in murfin bai zauna ba.